Masauki, fitila, sannan kwamfuta: halin da 'yan matan kwaleji ke ciki a Tasawa da Mayahi

A farkon watan Oktoba, lokacin da ake ɗaurin dammunan hatsi a gonakin Korgom, Maijirgi da Urafan, akwai wata ƙaura da ba a cika lura da ita ba a ƙasar Tasawa. 'Yan mata masu shekara 12 zuwa 14, waɗanda suka gama aji shida na firamare a garuruwansu, sukan hau amalanke ko bayan kabu-kabu da ƙullin tufafi, da tabarma, da ɗan buhun hatsi, su nufi garin da ke da kwaleji. Hatsin na mai masauki ne. Za a sauke yarinya a gidan wata gwaggo, ko gidan aminin mahaifinta, ko na wani ɗan garinsu da kasuwanci ya zaunar a birni, a ce ga amana nan. Daga ranar, makomar karatunta ta rataya a kan halin mutanen gidan fiye da yadda ta rataya a kan ƙwaƙwalwarta.

A wannan makon ne kuma akan ji jawaban buɗe makarantu daga Yamai, ana maganar zamani, da intanet, da shigar da 'ya'ya mata fagen kimiyya. Maganar tana da daɗi, kuma gaskiya ce. Sai dai tsakanin jawabin da yarinyar da ke bisa amalanke akwai tazara mai tsawo, kuma wanda bai san matakan da ke cikinta ba zai yi ta raba kwamfuta yana mamakin yadda sakamakon jarabawa ya ƙi motsi.

Tasawa tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kusan rabin tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Tsohon gari ne mai sarauta da ke da jini ɗaya da Katsina, kuma Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya yada zango cikinsa a 1851. Mayahi tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, kuma mafi yawansu manoma ne mazauna karkara. A nan kusa, wajen Maijirgi, ayarin yaƙin Turawan Faransa Voulet da Chanoine ya ƙare a watan Yulin 1899, bayan ya bar garuruwa da yawa cikin toka. Wanda ya fara sanin Nasara ta bakin bindiga ba zai yi saurin miƙa masa ɗiyarsa ba, kuma wannan ɗari-ɗarin da lakwal, wato makarantar boko, ya daɗe kafin ya sassauta. Yau ya sassauta ƙwarai. Iyaye na sa 'yan mata firamare fiye da kowane lokaci a baya. Wurin da igiyar ke tsinkewa ya matsa gaba ne kawai, ya koma ƙofar kwaleji.

Ajin farko, inda ake zubewa

Tsarin Nijar shekara shida ne a firamare, huɗu a kwaleji da ke ƙarewa da jarabawar BEPC, sannan uku a lise da ke kai wa ga bakaloriya, wadda kowa ke kira BAK. Ana auna ɗalibi bisa maki 20, kuma sai ya kai matsakaicin maki 10 yake da tabbacin wucewa aji na gaba. Ajin farko na kwaleji shi ne maƙabartar karatun yara da yawa. Yarinyar da ta saba da malami ɗaya tun safe har tashi, mai juyawa zuwa Hausa in ya ga an ɓace, yanzu tana ganin malamai daban-daban suna shiga suna fita, kowa da darasinsa, duka cikin Faransanci, ga kuma Ingilishi da aka ƙaro mata. Littattafai ba su wadata ba, don haka rabin lokacin aji yakan tafi a kwafe abin da ke kan allo. Takan cika kaye da rubutu mai kyau, ta haddace shi tsaf, alhali ba ta fahimci rabinsa ba. A 2021 kusan ɗalibi ɗaya ne cikin biyar ya ci BEPC a faɗin ƙasar, kuma wannan lissafin waɗanda suka kai ajin ƙarshe ne kaɗai.

Yinin 'yar masauki yana farawa kafin asuba. Ita ce za ta ɗebo ruwa a famfo, ta share tsakar gida, ta wanke kwanukan dare, wani lokaci ta yi surfe kafin ta saɓa jaka. Ba lallai mugunta ce ta sa haka ba. Uwar gidan ita ma tana ganin an ƙara baki a tukunyar da da ma ba ta isa, kuma hatsin da aka kawo yakan ƙare tun kafin sanyi ya wuce. In an tashi makaranta akwai tallan awara ko na ƙosai a wasu gidajen. Da dare ya yi, samari 'yan ajinta sukan taru ƙarƙashin fitilar titi ko ƙofar wani kanti mai lantarki, su yi ta warware lissafi a kan ɗan allo har sha ɗaya. Ita ba ta da wannan damar. Budurwar da aka gani a waje a wannan sa'a, washegari labarinta ya riga ta isa garinsu. Abin da ya rage mata shi ne tocila 'yar batir a cikin ɗakin da yara huɗu ko biyar ke barci, da idanun da suka riga suka yi nauyi.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, kuma jihar Maraɗi ce kan gaba da kashi 89. Masu rubuta rahotanni sukan tsaya nan su ɗora laifi a kan jahilcin iyaye. Ni ban gamsu da wannan ba. Uban da ya cire ɗiyarsa daga aji na biyu na kwaleji yakan yi lissafi ne irin nasa: tana gidan wani, ba mai sa mata ido, makinta na zangon farko bai kai ba, ya ga 'yar maƙwabcinsa ta dawo da abin kunya, ya kuma ga masu BAK zaune a fada suna shan shayi. Sau da yawa faɗuwa a makaranta ce ke zuwa da fari, aure ya biyo baya. A watan Disambar 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗaliba mace da tallafa mata har ta kai shekara 16, daga baya kuma aka buɗe hanyar komawa aji ga wadda ta yi aure ko ta haihu. Doka ce mai kyau, amma ba ta tanadi gado ko tuwon dare ba.

Gidan kwana

Wannan giɓin ne Mohamed Bazoum, tsohon malamin falsafa, ya ce zai toshe lokacin da ya hau mulki a watan Afrilun 2021. Shirinsa shi ne gina gidajen kwana na 'yan mata kusa da kwalejojin karkara, inda ɗaliba za ta samu abinci, wurin barci da mai kula da ita, aka kuma sa burin gina 100. An fara da Kelle, a gundumar Gure ta jihar Damagaram. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, masu ba da tallafi da dama suka janye hannu na wani lokaci, kuma hankalin ƙasa ya koma kan tsaro da takunkumi. Buƙatar ita tana nan inda take, domin nisan da ke tsakanin wani ƙauyen Kanambakashe ko na Gidan Amumun da kwaleji mafi kusa bai ragu ba.

Mutanen wannan yanki suna sauraren rediyo, kuma Katsina ba nisa. Sun ji yadda aka kwashe ɗalibai maza fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara a Fabrairun 2021. Sun kuma tuna gobarar 8 ga Nuwamban 2021, wadda ta cinye azuzuwan zana a wata firamare ta birnin Maraɗi ta kashe yara fiye da 20, a lokacin da hukumomi da kansu ke cewa akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin dubu 36 a ƙasar. Don haka uwar da ta tambayi wa zai tsare ƙofa, wace mace ce za ta kwana da yaran, da me aka yi rufin, tambayar hankali take yi. Gidan kwanan da zai samu amincewar mutanen Tasawa sai ya kasance ƙarami, cikin gari, a hannun dattijuwar da aka sani, kuma ƙungiyar uwayen ɗalibai na da damar leƙawa duk ranar da ta ga dama.

Ina wutar take?

Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a Nijar, kuma a karkara abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Wutar da jihohin Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna dogara da ita tana shigowa ne daga Katsina, ta layin da ke sauka a Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023 saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, an yi watanni ana rabon wutar unguwa-unguwa. Wanda zai kafa ɗakin kwamfuta a nan, da faifan hasken rana da batir ya kamata ya fara.

Labarin irin waɗannan ɗakuna sananne ne a makarantun Sahel. Wata ƙungiya takan kawo na'urori, a yi biki, a ɗauki hoto. Sannan hunturu ya zo da ƙurarsa, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, batir ya mutu, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki, makulli ya koma aljihun darakta don kada wani abu ya ɓace a tuhume shi. Ko inda na'urorin ke aiki, in an buɗe ƙofa maza ne ke rigan zama gaban allon, 'yan mata su tsaya a baya suna leƙe ta saman kafaɗa. A nan ne ware wa 'yan mata makarantarsu, ko aƙalla sa'o'insu su kaɗai, yake da amfanin da ido ke iya gani: hannunta ne zai taɓa madannai.

Akwai kuma dalilin da ya sa malamai da ɗalibai ba sa ɗaukar darasin da zafi. BEPC da BAK da biro da takarda ake rubuta su. A ƙetaren iyaka, a Najeriya, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, abin da ya tilasta wa 'yar ƙauyen Daura ko Jibiya ta koyi riƙe linzami ko tana so ko ba ta so, ya kuma haifar da cibiyoyin koyo a ƙananan garuruwa. Tsarin yana da nasa matsaloli, amma ya nuna cewa abin da jarabawa ta tambaya shi ake koyo. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Katsina da Kano ke cikin jihohinsa na farko, shi ma ya sa koyar da 'yan mata aiki da na'ura cikin ginshiƙansa. A Nijar akwai shirin LIRE na inganta koyarwa da shirin ƙauyuka masu haɗin intanet da hukumar ANSI ke jagoranta, dukansu da kuɗin bankin tun 2020, sannan Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025. Hanyoyin suna buɗewa, amma suna isa ofis da kanti kafin su isa aji.

Na'urar da ta riga ta iso

Je ka bakin tasha ko kasuwar kowane gari a yankin, za ka tarar da rumfar mai caji. Faifan hasken rana a bisa rufi ko ɗan janareto a gefe, katako cike da soket, wayoyi jere kamar kifi a kan tire, kowace da 'yar takarda mai lamba manne a bayanta. Dala 10 ko 20 ake biya. Kusa da shi akwai mai tura fina-finai da tsohuwar kwamfutarsa, yana loda wa mutane fina-finan Kano, fassarar Algaita, wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Yara mata ne ake yawan aikowa da wayar inna ko ta yaya. Kafin ta koma gida ta riga ta san yadda ake buɗe ta, yadda ake tura fayil ta Xender, yadda ake goge abin da aka kalla. Babu wanda ya koya mata wannan a aji.

Wayar salula ita ce kwamfutar Tasawa, ko an yarda ko ba a yarda ba. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom sun kai rezo inda kwalta ba ta kai ba. A manyan azuzuwa ɗalibai sukan buɗe zauren WhatsApp, wani ya ɗauki hoton tambayoyin BEPC na shekarun baya ya watsa, wani ya turo gyaran da malami ya yi. 'Yan mata da yawa kuma suna karanta dogayen labaran soyayya na Hausa da marubutan intanet ke sakewa babi-babi, kuma duk mai raina wannan karatun ya tuna cewa yarinyar da ke cinye shafi 30 a dare ɗaya ta riga ta mallaki abin da makaranta ke fafutikar ba ta. Sauran a ba ta abin karantawa da zai kai ta wani wuri.

Matsalar ita ce, a idon iyaye waya a hannun budurwa alama ce ta saurayi, kuma sau da yawa haka ɗin ne, tunda ta shiga cikin kayan toshi. Makarantu ma sukan hana shiga da ita aji, saboda satar amsa da ɗauke hankali. Sakamakon haka yarinya na koyon waya a ɓoye, daga wanda ya saya mata, ba tare da wani babba ya gaya mata cewa hoton da ta tura ba ya dawowa ba, ko cewa mai kiran da ya ce ta ci kyauta ta turo lambar sirri ɓarawo ne. Hanin bai raba ta da wayar ba, ya dai raba ta da mai yi mata jagora.

An taɓa gwada akasin haka a nan ƙasar. A 2009 da 2010, masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta, tare da ƙungiyar agaji ta CRS, sun bi azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. A wasu an ƙara koya wa ɗalibai rubuta saƙo da ƙaramar waya, a wasu ba a ƙara ba. Waɗanda suka yi aiki da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, saboda sun samu dalilin yin aiki da abin da suka koya bayan an tashi. Waya ce 'yar rakani-kashi, ba mai shafawa ba, kuma cikin harshen gida aka yi karatun.

Wannan batun harshe ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Nijar ba baƙuwa ba ce a nan, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Abin da ya rage shi ne kayan karatu. Bayanin lissafin kwaleji, ko na yadda jini ke zagaya jiki, cikin Hausa mai kyau, a sauti ko ɗan gajeren bidiyo da zai shiga katin waya ba tare da sayen megabit ba, zai yi wa 'yar masauki aikin da ɗakin kwamfuta mai kulle bai yi mata ba. Malaman da za su iya naɗar wannan suna nan cikin Tasawa da Mayahi, akasarinsu 'yan kwantiragi masu jiran ɗan alawus ɗin da ba ya zuwa a kan lokaci. Mai tura fina-finai na bakin tasha kuma zai raba shi kamar yadda yake raba sauran, in an ba shi.

Waɗanda suka kai, da waɗanda ke tsakiya

In ana neman abin koyi, ba sai an je Turai ba. Fadji Maina, haifaffiyar Damagaram, ta ci BAK tana da shekara 16, ta yi karatu a Fas ta Maroko da Strasbourg ta Faransa, kuma a 2020 ta fara aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, a fannin nazarin ruwa. A 2018 Salissou Hassane Latifa ta lashe gasar Ms Geek Africa a Kigali da manhajarta mai suna Saro, wadda ke taimakon waɗanda suka yi haɗari kafin a kai su asibiti. Yana da kyau 'yan kwalejin garuruwan Sarkin Hausa da Hawan Dawaki su ji sunayen nan. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, mai ɗauke da sunan masanin kimiyyar sinadarai ɗan yankin, tana da sassan kimiyya, noma, likitanci da fasaha, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Tasawa. Amma ƙofarta ta kimiyya sai da BAK na rukunin C ko D, alhali tun a ƙarshen kwaleji ake karkata 'yan mata zuwa rukunin A na adabi, wani lokaci bisa maki, wani lokaci bisa zaton cewa lissafi na maza ne. Ɗalibar da ta gama kwaleji ba ta taɓa ganin mace na koyar da lissafi ba, da wuya ta musa wannan zaton.

Mafi yawan 'yan matan yankin ba za su je NASA ba, kuma ba dole ne su je ba kafin karatunsu ya biya. Rassan aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza sun bazu a garuruwa, kuma duk suna buƙatar mai iya shigar da suna da lamba ba kuskure. Ofishin magajin gari na buƙatar mai buga takardun haihuwa, asibiti na buƙatar mai ajiye bayanan marasa lafiya, ƙungiyoyin mata masu adashi da masu sarrafa gyaɗa da riɗi na buƙatar mai riƙe musu lissafi. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi kuma sun saba tura mace ɗinki da saƙa, namiji lantarki da kanikanci, alhali gyaran waya da haɗa faifan hasken rana aiki ne na natsuwa da ido, ba na ƙarfin damtse ba. Uban da ya ga 'yar maƙwabcinsa mai BEPC tana karɓar albashi a bayan kanta, zai sake lissafinsa ba tare da an tara shi taron wayar da kai ba.

Tasawa da Mayahi suna da attajirai a kasuwannin Maraɗi, Kano, Yamai da Kwatano, waɗanda suka gina masallatai suka haƙa rijiyoyi a garuruwansu, Allah ya saka musu. Muna kira gare su, da sarakuna, da magadan gari, da kwamitocin kula da makarantu: a nemi gida ɗaya kusa da kowace kwaleji, a kewaye shi, a sa faifan hasken rana da zai kunna fitila har goma na dare, a ɗauki dattijuwa amintacciya a riƙa biyanta, a ajiye kwamfuta biyu ko uku da wayoyi kaɗan a hannunta, a kuma tara damman hatsin tun da kaka, kafin farashi ya tashi.